Inda Bututun Ya Ɓulla

Ni ban taɓa ganin mai saurin cewa "to" irin surukina ba. Kafin ki rufe baki ya ce to, ya rusuna, ya ƙara da "gaskiya ne, Mama," sannan ya miƙe ya je ya yi abin da dama ya yi niyya. Da mai gardama ne da na san yadda zan yi da shi, don ni ma ba baya ba ce wajen baki. Amma mutumin da ya yarda da duk abin da kika faɗa, ta ina za ki kama shi?

Mai Sikeli ake ce masa, don zinari yake saye a hannun masu haƙa. Shi ya auri autata. Gidansu da shagon abu ɗaya ne. Shago yana gaba yana kallon titi, ƙofar bayansa ta faɗa tsakar gida, ɗakin kwanansu kuma bango ɗaya ya raba shi da shagon. Da cikin Auta ya fito, ƙafafunta suka fara kumburi, sai na lulluɓe keken ɗinkina na je na ɗan zauna da ita. A nan na ga yadda ake aikin da ke ciyar da gidan.

Ashe masu haƙa ba zinari mai walƙiya suke kawowa ba. Tun a bakin rafi suke zuba wa garin dutsen zaiba, wannan ruwan ƙarfen mai nauyi da ke gudu a tafin hannu kamar mai rai. Ita zaiba ba ta ganin zinari ta ƙyale, sai ta manne masa ta lulluɓe shi ya koma fari. Su matse a tsumma ya zama ɗan curi, su ƙulle a leda su cusa a aljihu. A shagon surukina ake ƙona curin a kan wani tsohon cokalin ƙarfe da wutar gas, zaibar ta tashi ta bi iska, zinarin ya rage, sannan a ɗora a sikeli.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne shirin da suke yi kafin a kunna wutar. A rufe ƙofar titi a sa sakata. A rufe taga. A kashe fanka, wai iska tana girgiza sikeli, wai kuma tana iya ɗauke ƙwayar zinari. Sai ƙatti su haɗa kai a kan cokali guda, hanci kusan a cikin wuta, kowa yana tsoron ƙifta ido kada a cuce shi. Ƙofa ɗaya kawai suke bari a buɗe don kada zafi ya kashe su, ita ce ta tsakar gida, inda 'yata take girki.

Ranar awo na raka Auta asibiti. Sistar da ke duba masu ciki mace ce mai fara'a, tana ta tsokanar Auta wai wannan mai shurin ɗan ƙwallo za ta haifa. Da ta tambayi sana'ar maigida aka faɗa mata, sai fara'ar ta ɗauke. Ta ajiye abin awon, ta jawo kujera.

"A ina yake ƙonawa?"

"A shago," in ji Auta.

"Shagon yana ina?"

Na ce, "'Yar nan, shagon ai shi ne gidan."

Ta yi mana bayani a hankali, kamar mai tsoron kada mu gudu. Ta ce zaibar da ke tashi daga wuta ba a ganinta, ba ta da wari, amma tana shiga huhu ta bi jini, tana kuma maƙalewa a bango da labule da tufafi ta ci gaba da tashi ko an kashe wutar. Ta ce babba yakan ɗauki shekaru kafin ta nuna a jikinsa, amma ɗan da ke ciki ƙwaƙwalwarsa yanzu ake haɗa ta, kuma abin da uwa ta shaƙa yana isa gare shi. In ta taɓa ƙwaƙwalwar, babu allurar da ke mayar da ita yadda take.

"Mama, abu biyu ne," in ji ta. "Ko ƙonawar ta bar gidan, ko ita ta bar gidan. Kuma ba sai an haihu ba, yanzu."

Muka dawo gida. Ban ko cire mayafi ba na aika Auta ta kira mini mijinta. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya saurare ni tun daga farko har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Gaskiya ne, Mama. Wallahi gaskiya ne. Sai dai ku dubi Kawu. Tun kafin a haife ni yake ƙonawa, ga shi nan da ransa."

Da ransa kam. Kawun nan shi ya koya masa sana'ar, shi ya bar masa shagon, yanzu kuma wuni yake a benci a ƙofar titi. In aka miƙa masa shayi rabinsa a riga yake ƙarewa saboda karkarwar hannu. Haƙoransa sun zube, magana kaɗan ya hau faɗa, kuma kullum sai ya tambaye ni ko ni wace ce. Mutumin da bai girme ni ba! Shi ne aka kawo mini a matsayin shaidar lafiya.

"Tsufa ne, Mama," in ji surukina da na faɗi haka.

"To ni me ya sa nake zura zare a allura ba tare da tabarau ba?"

"Ai ku Allah ya ba ku jiki mai kyau."

Ka ji fa. Ko faɗan ma sai ya mayar da shi yabo.

Sista ta ce mana ofishin lafiya yana raba wata tukunya ta musamman ga masu ƙona zinari. Na yi ta sintiri da ƙafafun nan nawa har na samo. Tukunyar ƙarfe ce mai murfi da ake ɗaurewa tam, da wani ɗan bututu da ya lanƙwasa ya shiga gwangwanin ruwa. A sa curin a ciki, a rufe, a hura wuta daga ƙasa, zaibar ta bi bututun ta taru a ruwa maimakon ta bi hancin mutane. Har ana iya sake amfani da ita. Na ɗauko abar nan a ka, na dire masa a kan tebur, ina jin kamar na gama aiki.

Ya juya ta, ya yaba ƙirar, ya yi godiya har sau nawa. Da masu haƙa suka zo da yamma na tsaya a ƙofar tsakar gida don in ga da idona. Wani dogo mai tabo a goshi, wanda shi ne babbansu, ya dubi tukunyar ya dubi surukina.

"A rufe zinarina a cikin wannan? In tsaya a waje ina jira kamar mijin mai naƙuda?"

"Gwaji ne kawai," in ji Mai Sikeli.

"Abin da ban gani da idona ba ban yarda da shi ba. In ya fito ya ragu, wa zan kama? Murfin?"

Sauran suka kwashe da dariya. Da ƙyar wani ya yarda aka gwada da nasa. Aka hura, aka jira, aka ƙara jira don sai ta huce ake buɗewa, mutumin yana ta zagaye tebur yana haɗa gumi. Da aka buɗe, zinarin ya fito da ɗan duhu-duhu, ba ja jawur yadda suka saba gani a cokali ba. Shi ke nan. Ya rantse an canza masa kaya. Dogon nan ya mayar da ledarsa aljihu, ya zare sakata, suka tsallaka titi gaba ɗaya zuwa shagon wani mai sayen.

Surukina ya juyo ya dube ni da idon tausayi. "Kun gani, Mama."

Kafin mako ya zagayo tukunyar ta hau kanta, an cika ta da ƙusoshi da tsofaffin kwaɗo. Na ce to a fita fili mana a ƙona, can bayan gari inda babu kowa. Ya ce gaskiya ne, sai dai iska, sai dai kuma idon mutane, wa zai fito da zinari a fili a zamanin nan? Na ce a kama wani shagon dabam. Ya ce gaskiya ne, yana nema. Na san irin neman.

Sai na daina yi masa magana, na koma kan 'yata. Na ce ta haɗa kayanta mu tafi gidana har ta haihu. Nan ma wani ciwon kan. Auta yarinya ce mai sanyin hali, irin waɗanda in an taka su su ne ke ba da haƙuri. Ta ce in ta tafi mutane za su ce yaji ta yi. Ta ce wa zai dafa masa abinci, wa zai kula da Kawu.

"Kawu kike tunani? Ke baki ga abin da ke gabanki ba?"

"Mama, ya yi alkawari fa. Ya ce zai gyara."

"Tun da na zo gidan nan yake alkawari."

Ta fara hawaye. Raina ya ɓaci, da ita da shi da kaina, amma na tsaya a kan bakana, na ce in ba a yi wani abu ba zuwa ƙarshen mako to ko a baya zan goya ta in fita da ita. Ina ga ya ji ta bango, don washegari sai ga mai walda da fallayen kwano da bututai.

Aka yi ta bugu da ƙarar injin yanka har kunnena ya toshe. Da aka gama, surukina ya zo da kansa ya kira ni, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Sun ƙera wata rumfa ta kwano a kan teburin ƙonawa, mai faɗi a ƙasa, ta tsuke a sama ta zama bututu ya shige cikin silin. A wuyan bututun an sa fanka mai ƙarfi. Ya kunna ta, ya yagi 'yar takarda ya saki a ƙarƙashin rumfar, takardar ta tashi fir ta ɓace.

"Kun gani? Duk abin da ya tashi daga cokali, sama zai yi ya fita waje. Masu haƙa suna ganin zinarinsu, sikeli na matsar da shi can gefe, kuma ƙofar tsakar gida daga yau a rufe take."

"Waje yake fita?"

"Waje, Mama."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Har na ji kunyar irin maganganun da na yi ta yaɓa masa. Na sa masa albarka, na ce ashe dai yana ji. Ɗinkin mutane yana can yana jirana, sai na haɗa jakata na koma gida da zuciya wasai. Duk lokacin da na kira Auta a waya takan ce lafiya lau, sai ɗan ciwon kai da rashin barci, ni kuma in ce ai haka ciki yake in ya tsufa.

Na daɗe ban koma ba, don na tsaya ɗinka kayan jariri. Ranar da na koma da rana ne, na shiga ta ƙofar gefe da ƙullin kayan a hannu. Na tarar da Auta a kan 'yar kujera a jikin bangon ɗakinsu, gindin taga, tana tsince shinkafa a faranti. Cikin ya yi girma sosai. Igiyar shanya kuma an matso da ita nan kusa, zannuwan gado da rigunanta suna ta kaɗawa alhali ko ganye ba ya motsi a garin.

Na sunkuya in rungume ta, sai na ji wata iska mai ɗumi tana hura mini ƙeya, da wani gurnani a saman kaina. Na ɗaga ido. A ƙarƙashin bakin rufin, daidai saman tagar ɗakin kwana, ga bakin bututu ya leƙo yana kallon ƙasa. An rataya masa gwangwanin madara da waya.

"Auta, mene ne wannan?"

"Bututun shago ne, Mama."

"Nan ya ɓulla?"

"E. Ai ya yi mini amfani. Nan ne kawai ake samun iska a gidan nan, shi ya sa nake zama. Shanya ma nan da nan take bushewa."

Ƙullin kayan ya faɗi daga hannuna. Na fizgo ta daga kujerar har shinkafar ta zube, na kai ta can ƙarshen gida wajen ƙofar gefe, sannan na je na dinga dukan ƙofar shago da tafin hannu. Na manta da wata kunyar suruki. Ya fito da sauri, ya jawo ƙofar ya rufe a bayansa, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Riƙe sannunka. Ka ce mini waje yake fita."

"Ai waje ne, Mama. Tsakar gida ba ɗaki ba ne."

"Me ya hana ka fitar da shi ta sama ko ta titi?"

Ya yi mini bayani da natsuwa, kamar ni ce ban gane ba. In bututu ya leƙa titi ko ya tsaya a kan rufi, talla ce. Duk ɓarawon da ya wuce ya ji fanka tana aiki ya san yau an sayi zinari a gidan nan. Ga jami'ai, in suka hango sai su zo da tambayoyi. Ga ruwan sama da zai dinga shiga. Amma a nan ciki babu mai gani. Kuma har da riba, in ji shi, don zaibar takan huce a bakin bututun ta ɗiga a gwangwani, yana tarawa yana sayar wa masu haƙa. Ya miƙe ya sauko da gwangwanin don ya nuna mini. A ƙasansa ga 'yan ɗigo-ɗigo suna sheƙi kamar idon kifi.

"Kun ga tana kamuwa, ba ta zuwa ko'ina."

"Wannan ɗan abin ne duk abin da ka ƙona tun da na tafi? Sauran fa? Ina ya tafi?"

Ya dubi sama, ya dubi igiyar shanya. "Mama, ni ban ga komai ba. Ku duba, ko hayaƙi babu. Da akwai abu ai da mun gani."

Da, ƙatti ne ke raba gubar a tsakaninsu, abin da ya rage ya iso tsakar gida. Yanzu an sa fanka ta tattaro ta duka, an auna daidai inda 'yata take zama da inda take kwana, an huro mata. Kuma mutumin da ya yi haka yana durƙushe a gabana yana jiran in yaba masa.

Auta ba ta son hayaniya. Ta taho a hankali tana riƙe da ƙugu, tana neman abin da za ta canza maganar da shi. Ta miƙa hannu kan dakalin tagar ta ɗauko 'yan kunnenta, da alama nan take ajiye su in za ta wanke kai.

"Ku bar faɗan nan don Allah," ta ce, tana ƙoƙarin dariya. "Ni ma ina da ƙara. Mama, dubi 'yan kunnen da ya saya mini, wai shi mai sayen zinari. Ashe jabu ne, ga shi sun fara komawa fari."

Ta buɗe tafin hannunta. Gefe ɗaya na kowanne ya dushe ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka.

Surukina bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi a rana, ya murza da babban yatsa, ya ƙara murzawa. Shi ya zaɓi zinarin nan da hannunsa, kuma duk duniya babu abin da ya sani kamar abin da ke mayar da zinari fari. Ya ɗaga kai ya dubi bakin bututun, ya dubi dakalin tagar, ya dubi tagar da ke buɗe da gadonsu a bayanta. Karo na farko tun da na san shi bai ce "gaskiya ne" ba.

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa. "Ba jabu ba ne. Zaiba ce ta hau su. Kawo ɗayan, in na sa su a wuta yanzu za ta tashi, su dawo yadda suke."

Auta ba ta miƙa masa ba. Ta daɗe tana kallon ɗan kunnen da ke hannunta, dariyar ta bar fuskarta. Sai ta ɗora hannun a kan cikinta.

"Shi fa?" ta ce. "Shi a wace wutar za ka sa shi?"

Daga cikin shago wani ya buga ƙofa yana cewa Mai Sikeli a zo a sallame su, gas yana ƙarewa. Surukina ya shiga. Na ji gurnanin fankar ya mutu, na ji muryoyi sun tashi ana tambayarsa dalili, na ji an zare sakata mutane suna fita suna tsaki. Bai fito ba.

Wannan karon ba sai da na matsa mata ba, Auta da kanta ta shiga ta ɗauko jakarta. Na hana ta ɗaukar ko ɗaya daga cikin kayan da ke kan igiya. Muka fita ta ƙofar gefe muka tari mota, na ce wa direba asibiti tukuna. Abin da na yi ta haƙilo a kai ya samu, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba.

Da muka yi nisa sai Auta ta kamo hannuna ta ɗora a gefen cikinta. Na ji shurin, mai ƙarfi kuwa.

"Kin ji shi, Mama? Yana motsi. Tunda yana motsi haka ai lafiyarsa lau, ko?"

Na bar hannuna a wurin, na ce wa direba ya ƙara sauri.